DARASIN SANA'AR RANI: Yadda Ake Gane Kuskuren Feshin Berni da Fenti a Kan Katako, a Gyara Shi

Gero ya shiga rumbu, wake da gyaɗa sun shiga buhu, hauya ta koma rataye. Yanzu lokacin bukukuwa ne. A Madarumfa, da Ɗan Isa, da Jiratawa, da Gabi, da Safo, duk wanda ya iya zarto da guduma aiki yana jiransa: gadon amarya, kabad, tebur, kujera, ƙofa, bencin makaranta. Da yawa cikinku manoma ne da damina, kafintoci da rani. Darasin nan naku ne, da ku da yaran shagonku.

Kai kafinta, ka san uwar amarya ba ta duba yadda ka haɗa kusurwa. Tana zuwa sai ta shafa allon gado da tafin hannu, ta karkata kai ta dubi ƙyalli. In ta ji kaushi, ko ta ga fenti ya zubo, aikin mako biyu ya faɗi a idonta. Ta rage kuɗi, ko ta ce a sāke, ga ranar jere ta matso, ga bashin katako yana jiranka a Maraɗi. Mafi yawan wannan hasara a rana ɗaya take aukuwa, watau ranar feshi.

To, ga abin da muke so ka riƙe. Kowane kuskuren feshi yana da tasa alama, kuma alamar tana faɗin dalili. Wanda ya iya karanta ta ba ya zagin mai kanti, ba ya dukan yaro. Sai ya gyara abu ɗaya, aiki ya yi kyau.

YADDA BINDIGAR FESHI TAKE AIKI

Ka san famfon da kake fesa wa wake magani. Bindigar feshi, wadda waɗansu ke kira fistole, ƴar'uwarsa ce. Bambancinsu shi ne ita iska daga kwamfaresa take tura ta. Asalinta ma daga likita ne. A shekarar 1888 wani likita a birnin Toledo na Amurka, Allen DeVilbiss, ya kafa sana'ar ƙera ɗan abin fesa magani a hanci da maƙogwaro. A 1907 ɗansa Thomas ya mai da shi abin fesa fenti.

Ga sassan da ya kamata ka sani: gwangwanin zuba mai, da baki mai ɗan rami, da allura mai toshe bakin, da kunama wadda ke ja da allurar baya, da hula mai ƙaho biyu. Iska tana fita ta ramukan hula ta farfasa mai ya zama raɓa. Iskar ƙahonin nan biyu ita ke matse feshin ya yi faɗi. Akwai kuma maɓallai uku: na yawan mai, na faɗin feshi, na ƙarfin iska.

Baki iri-iri ne. Domin berni mai ruwa-ruwa, watau man ƙyallin nan da kafintocin Najeriya ke kira banish, baki mai milimita 1.3 zuwa 1.5 ya isa. Domin sila, watau shafen farko mai toshe ramukan katako, ko fenti mai kauri, nemi mai milimita 1.8 zuwa 2.

ABU HUƊU DA KE GYARA FESHI KO SU ƁATA SHI

Na farko, kaurin mai. Kada ka dogara ga ido kawai. Masana'antu suna awo da ɗan kofi mai cin mililita 100, da rami na milimita 4 a gindi. Berni irin na tina yakan ƙare zuba cikin daƙiƙa 20 ko kusa da haka. In ba ka da kofin, samu ƙaramin gwangwanin tumatir, ka huda gindinsa da ƙusa. Ranar da feshi ya yi maka kyau, cika shi, ka ƙirga har ya tsiyaye, ka rubuta lissafin a bango. Daga ranar ka sami mudunka. Sa'an nan kullum ka tace mai da ƙyalle mai laushi kafin ya shiga bindiga.

Na biyu, iska. Bindiga mai gwangwani a bisa takan so bar 2 zuwa 3. Mai gwangwani a ƙasa, wadda ke tsotso, takan so bar 3 zuwa 4. Ka karanta agogon iska sa'ad da kunama take a danne, domin a nan ne gaskiyarsa take. In tankinka ƙarami ne, mai lita 25 ko 50, iska za ta ragu kana tsakiyar ƙofa. Dakata ya cika. Haka kuma in wutar lantarki ta yi rauni, kwamfaresa yana nishi, bari feshi sai ta dawo sosai.

Na uku, hannu. Tsakanin baki da katako taƙi ɗaya, watau santimita 15 zuwa 20. Bindiga ta dubi katako sosai, kada ta karkace. Kada ka yi lilo da wuyan hannu kamar mai yayyafa iri. In ka yi haka tsakiya za ta jiƙe, gefe ya bushe. Tafi da dukan hannu, kunya bayan kunya, kowace ta hau rabin wadda ta gabace ta. Danna kunama kafin ka iso katako, ka sake ta bayan ka wuce shi. Fara da gefuna da lungu, ka ƙare da fili.

Na huɗu, yanayi, watau zafi, da laima, da ƙura. Za mu komo kansa.

Doka ɗaya ta hau duka huɗun: in abu ya ɓaci, sauya abu ɗaya tak, ka gwada. Wanda ya ƙara tina, ya ƙara iska, ya matso kusa, duk a lokaci guda, ko aikin ya gyaru bai san abin da ya gyara shi ba. Gobe sai ya koma gidan jiya.

KARANTA KWALI KAFIN KATAKO

Kafa kwali a bango. Tsai da bindiga a taƙi ɗaya, ka danna kunama daƙiƙa ɗaya, ka saki. Dubi siffar da ta fito.

In ta fito doguwa kamar ganyen mangwaro, ko'ina daidai, to bismilla.

In ta lanƙwashe kamar jinjirin wata, ramin ƙaho ɗaya ya toshe. Domin ka tabbata, juya hular rabin zagaye ka sāke fesawa. In lanƙwasar ta koma ɗaya gefen, laifin hula ne. In ta tsaya inda take, datti yana bakin, ko bakin ya ci.

In ta tsuke a tsakiya kamar kalangu, iska ta yi yawa, ko mai ya yi kaɗan. Rage iska, ko ka rage faɗin feshi.

In ta taru a tsakiya, gefe ba kome, mai ya yi kauri ko iska ta gaza.

In bindiga tana tari, ta fesa ta yanke, iska tana shiga inda bai kamata ba. Duba huɗu: mai ya kusa ƙarewa, ɗan ramin murfin gwangwani ya toshe, baki ya kwance, ko abin da ke riƙe allura ya saki.

ALAMU A KAN KATAKO DA MAGANINSU

Hawaye. Mai ya zubo ya daskare a tsaye. Dalili: ka matso kusa, ko hannunka ya yi nawa, ko tina ta yi yawa, ko ka so gama aikin shafe uku da shafe ɗaya. Kada ka share shi yana ɗanye, za ka ƙara ɓarna. Bari ya bushe ƙwarai, ka kankare tudun da reza, ka goge da samfefa mai lamba 320 da ka naɗe a ɗan katako, ka sāke fesawa. In da hali, kwantar da ƙofa a kan benci ka fesa ta a kwance.

Bawon lemu. Fuska ta yi gurzau-gurzau, ga ƙyalli amma ba santsi. Mai bai farfashe sosai ba, ko bai sami lokacin bajewa ba. Ƙara tina kaɗan ka gwada. In bai yi ba, ƙara iska. In farkon ƙofa ya yi kyau, ƙarshenta ya yi bawon lemu, tankinka ne ya gaza.

Rairayi. Ka shafa ka ji kamar an watsa yashi, ba ƙyalli. Mai ya bushe a iska tun bai sauka ba. Ka yi nisa, ko iska ta yi yawa, ko zafi ya yi tsanani. Goge da 320, matso, rage iska. A cikin kabad yakan yi yawa, domin feshi yana dukan lungu ya dawo. Saboda haka fesa cikin kabad kafin ka buga allon baya.

Idon kifi. Ƙananan ramuka zagayayyu, mai ya guje su. Wannan maiƙo ne, ko ruwa. Yakan fito daga kwamfaresa da ya tsufa yana tofo mai cikin tiyo, ko ƙyallen da aka goge babur da shi, ko man shafawa, ko hannun yaron da ya ci ƙosai ya ɗauki allo. Ƙara shafe a kai ba ya rufe shi. Bari ya bushe, goge har ramukan su ɓace, share da tsumma mai tsabta da ɗan abin sirki, sa'an nan ka yi shafe biyu marasa nauyi kafin cikakke. Domin ka gane ko daga tiyo ne, hura iska zalla a kan farar takarda. In ta yi tabo, ka kama ɓarawo.

Ƙuraje. Ƙananan kumfa, waɗansu sun fashe kamar hudar allura. Iskar da ke cikin ramukan katako ce ta taso bayan sama ta riga ta yi fata. Yakan faru in ka fesa a rana, ko ka kai aiki rana domin ya yi saurin bushewa, ko katakon ɗanye ne, ko ka tsallake sila. A inuwa ake feshi, a inuwa ake shanya.

Yamushewa. Fenti ya tattare kamar fatar tsoho. Ka ɗora berni mai tina a kan fentin mai, tina ta cinye na ƙasa. Ko kuwa ka yi shafe na biyu na farko bai bushe ba. Wannan ba shi da gajeriyar hanya. Kankare duka ka sāke. In tsohon gado aka kawo maka sabuntawa, ɗiga tina a wani lungu tukuna. In fentin ya yi laushi ya tashi, kada ka fesa mai tina a kai.

Ƙin bushewa. Kwana uku yana danƙo. Galibi abin sirki ne bai dace ba. Berni mai saurin bushewa tina yake so, wadda ake kira diluwan. Fentin mai kuwa farin man sirkin fenti yake so. Kananzir yana jinkirta bushewa, fetur yana kashe ƙyalli, ga haɗarin wuta. Akwai kuma berni mai gwangwani biyu, wanda sai an zuba masa maganin taurara. Auna shi yadda aka rubuta a jikin gwangwani, ka haɗa iyakar abin da za ka fesa nan take, domin saura zai daskare har cikin bindiga.

Hazo. Berni ya yi fari-fari kamar an shafa nono. Wannan ciwon damina ne, ga bayaninsa.

LOKACI UKU NA ƘASARMU

Haɗin da ya yi maka kyau a Janairu ba shi zai yi a Agusta ba.

Da damina, musamman Agusta, iska cike take da laima, balle a garuruwan bakin tafkin Madarumfa da gefen gulbi. Ka san yadda ruwan tulu yake sanyi domin jikin tulun yana tsattsafowa iska tana sha. Haka tina take yi: tana tashi da sauri, ta sanyaya fuskar katako, laima ta kwanta a kai kamar raɓa, berni ya rufe ta. Shi ne hazo. Kada ka fesa da sassafe, ko bayan ruwa, ko in hadari ya haɗu. Jira hantsi ya ɗaga. Nemi tina mai jinkirin bushewa. In hazo ya riga ya fito, sau da yawa shafe ɗaya marar nauyi na irin wannan tina, a rana mai haske, yakan narkar da fuskar ya saki laimar.

Da hunturu, daga Nuwamba zuwa Fabrairu, ƙura ce abokiyar gaba. Ware wurin feshi dabam da wurin zarto. Kare gabas da arewa da tabarma ko buhu, domin daga nan iskar take zuwa, amma bar mafita. Yayyafa ruwa a ƙasa. Kada a yi shara sa'ad da aiki yake ɗanye. Kakkaɓe rigarka kafin ka shiga. Da sanyin safe mai yakan yi kauri a gwangwani. Kada ka yi saurin tuttula tina, bari rana ta ɗan ɗaga ka sāke awo.

Da bazara, Afrilu da Mayu, zafi yakan wuce digiri 40. Lokacin rairayi da bawon lemu ke nan. Fesa da safe kafin ƙarfe 10, ko da la'asar sakaliya. Kada ka bar katako ko gwangwani a rana. In katako ya yi zafi a hannu, bai isa feshi ba.

KATAKO DA KANSA

Tun ran gini ran zane. Berni ba ya ɓoye aibi, tona shi yake yi. Katakon da ke zuwa mana daga kurmin kudu yakan iso da sauran ruwa a jiki. In ka rufe shi da berni haka, iskar ƙasarmu za ta tsotse shi, ya tsuke, haɗi ya buɗe, fenti ya tsage. Jera shi a inuwa, da ƴan sanduna tsakanin allo da allo, ya sha iska. Haka nan bedi da turare da aka yanka a gida.

Goge da samfefa daki-daki: 80, sa'an nan 120, sa'an nan 180, kullum bin tsawon katako. Maɗaci da jan katako suna da manyan ramuka, sila biyu suke so. Allon garin katako da ake kira MDF yana shan mai ta gefen da aka yanka kamar ƙasar jigawa. Toshe gefen da sila sau biyu ko uku, kana gogewa. Tsakanin shafe da shafe, 240 ko 320, da hannu marar nauyi, ka share ƙurar.

Berni mai tina yakan karɓi wani shafe bayan minti 20 zuwa 30. Fentin mai sai ya kwana. Bushewar sama kuwa ba ita ce taurin ciki ba. Kada ka naɗe gado da leda, ko ka ɗaure shi da igiya a kan amalanke, sai ya yi kwana biyu ko uku. In ba haka ba, sawun igiya zai riga amarya shiga ɗaki. Saboda haka, in za ka yanka wa mai aiki rana, sa kwanakin nan cikin lissafi.

WANKIN KAYAN AIKI

Rabin ciwon bindiga rashin wanki ne. Da ka gama, zuba tina ka fesa har ta fito garau. Cire hula, da allura, da baki, ka wanke da ɗan burushi. Ramin da ya toshe, tsinken tsintsiya ko na sakace. Kada ƙusa ko waya su taɓa shi, domin in ramin ya faɗaɗa hular ta mutu. Kada ka jiƙa dukan bindiga cikin tina, robobinta za su lalace. Kowace yamma buɗe ɗan maɓallin da ke ƙarƙashin tanki, ruwan da ya taru ya fita. Ruwan nan shi ke ɓata feshi, shi ke cin tanki da tsatsa. In ka sami abin tace ruwa da mai, ɗaura shi kusa da bindiga.

LAFIYARKA DA TA GIDANKA

Gado yana da madadi, huhu ba shi da shi. Rawani ko ƙyalle a hanci yana tare ƙura, amma tururin tina yana ratsa shi. Nemi takunkumi mai gawayi a ciki, ka sauya gawayin da zarar ka fara jin wari. Berni mai gwangwani biyu ya fi duka haɗari, yana iya jawo ciwon asma. Fesa shi a fili, iska tana bayanka. In ƙirjinka ya fara kamewa bayan feshi, daina, ka tafi likita. Waɗansu suna cewa shan madara yana wanke fenti daga ƙirji. Ba haka ba ne. Madara ciki take zuwa, tururi kuwa huhu.

Tururin tina ya fi iska nauyi. Yana bin ƙasa har ya iske wuta. Saboda haka ba taba, ba murhun shayi, ba walda kusa da wurin feshi, kwamfaresa ma ya tsaya nesa. Tsumman da ya sha fentin mai, in an dunƙule shi an tara, yana iya yin zafi ya kama wuta da kansa. Shanya shi a buɗe. Ka tuna rumbunka na kara ne, shekararka tana ciki.

Kada ka wanke hannu da tina ko fetur; man gyaɗa da sabulu sun isa. Kulle tina inda yara ba sa kai wa, kada ka zuba ta a kwalbar lemo. In yaro ya sha, kada a sa shi amai, a kai shi likita nan da nan tare da gwangwanin. Waɗansu fentin mai, musamman rawaya da ja da kore, suna da gubar darma, wadda ke taɓa ƙwaƙwalwar yara. In kana goge tsohon fenti, yara da mata masu ciki su yi nesa. Kada ka fesa berni a akushi, ko turmi, ko cikin amya. Gwangwanin fenti ba na ruwan sha ba ne. Ragowar tina kada ta shiga rijiya, ko gulbi, ko tafki, inda masunta ke neman abinci, dabbobi ke sha. Zuba ta a kwalba ka rufe. Datti zai kwanta, ta sama ta sāke yi maka wanki. Famfon maganin gona kuwa a bar shi ga gona.

TAMBAYOYI DOMIN TATTAUNAWA

In kun taru, ku karanta wa waɗanda ba su yi karatu ba, ku amsa waɗannan tare:

1. Feshi ya fito a kwali kamar jinjirin wata. Yaya za ka gane ko laifin hula ne ko na baki?
2. Me ya sa hazo ya fi yawa da damina, kuma wane lokaci na yini ya fi dacewa da feshi?
3. Kabad ya yi idon kifi. Faɗi wurare uku da maiƙon zai iya fitowa.
4. An ce maka jere ranar Juma'a ne. Wace rana ya kamata ka yi shafen ƙarshe?

Kowa ya zo da guntun katako da ya taɓa ɓaci a hannunsa, a duba alamar tare, a faɗi sunanta da maganinta.

Allah ya sa albarka a sana'a, ya kai mu damina lafiya. Mu kwana nan.